Gam Ɗin Feshi Da Ake Gani A TikTok: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Saya

Da zarar gero da dawa sun shiga rumbu a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi, sai bukukuwa su kankama. Ɗaurin aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani, kowanne da katin gayyatarsa da kwalin rabon kyautarsa. A da komai sai an shiga birnin Kano an bugo. Yanzu kuwa akwai 'yan mata da samari da suka koyi aikin takarda a wayoyinsu, suna yankawa a tsakar gida, suna tallatawa a WhatsApp.

Duk wanda ya bi bidiyoyin koyon wannan sana'a a TikTok ko YouTube ya ga abin: hannu ya ɗauko gwangwani, ya fesa, ya ɗora takarda a kan kwali, ta kwanta sumul kamar a masana'anta aka yi. Shi kuma mai koyo ya shafa farin gam ɗinsa, katin ya bushe duk ya tattare. Daga nan sai ya ƙudurta cewa in ba gwangwanin nan ba, aiki ba zai yi kyau ba. Sai dai galibin gwangwanayen daga waje ake shigo da su, kuma kuɗin guda ɗaya ya isa a sayi robobin farin gam da yawa. Ga mai ƙaramin jari, wannan lissafi ne da zai iya cinye ribar aiki sukutum.

Mene ne a cikin gwangwanin?

Abu uku ne: gam ɗin kansa, sinadarin da ke narkar da shi, da iskar gas da ke turo shi waje. Babu ruwa a mafi yawansu, kuma nan ne sirrin yake. Takarda tana shan ruwa, zarurrukanta su kumbura, in ta bushe sai ta lanƙwashe. Farin gam irin su Top Bond da ruwa aka haɗa shi, shi ya sa siririyar takarda ke tattarewa idan aka lafta mata shi. Na feshi kuwa sauka yake kamar raɓa, sinadarin ya tashi nan take, ya bar danƙo kawai.

Saboda haka aikin da ya fi ƙwarewa a kai guda ɗaya ne: manna siririyar takarda mai faɗi a kan kwali, kamar lulluɓe akwatin kyauta ko liƙa babban hoto. Wajen rufe bakin ambulan, haɗa kusurwar jakar takarda ko liƙa ƙananan furanni, asara ce a fesa shi, domin rabin gam ɗin a iska zai tafi. Waɗannan aikin farin gam ne, ko salatif mai fuska biyu, ko gam ɗin kyandir.

Akwai ma ƙaro, wanda makarantun allo suka daɗe suna sa wa tawada, kuma da shi Turawa suka daɗe suna liƙa kan sarki da ambulan. Ana samunsa a kasuwannin ƙauye da araha. A jiƙa shi, a tace, ya wadatar ga ƙananan ayyuka.

Iri biyu ne, kada a rikita

Na farko mai riƙewa ne gaba ɗaya, za a ga an rubuta Permanent a jikinsa. Fitaccen misalinsa shi ne Super 77 na kamfanin 3M da ke Amurka. In takarda ta sauka a karkace, ta zauna ke nan. Na biyu an rubuta masa Repositionable, wato ana iya ɗagawa a gyara zama. Danƙonsa mai sauƙi ne, irin na 'yan takardun Post-it, waɗanda gam ɗinsu wani masanin sinadarai na 3M mai suna Spencer Silver ya gano a 1968. Wannan ya fi dacewa da mai koyo da kuma riƙe zanen da za a bi a yanka, amma ba zai riƙe akwatin da za a ɗauka a babur zuwa wani gari ba.

Kafin a biya, a karanta bayan gwangwani. Wanda Turanci ke ba shi wuya zai iya ɗaukar hoton rubutun da manhajar Google Translate ta mayar masa da Hausa. A tabbatar an ambaci takarda, domin akwai na kujera da na rufin mota, masu kauri da ke ɓullowa ta bayan takarda. Wasu kuma suna cinye farin soson nan da ake sa wa talabijin a kwali, don haka a gwada a ɗan guntu tukuna. Idan ta Jumia ko Jiji za a saya, a nemi hoton gaba da baya da na ƙasan gwangwanin, inda ake buga kwanan wata.

Abin da bidiyo ba ya nunawa

Tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 da ta kawo ƙarshen amfani da iskar CFC, yawancin gwangwanayen feshi suka koma amfani da dangin gas ɗin girki. Ma'ana, abin da ke fita daga bakin gwangwanin yana kamawa da wuta. A gidan da murhu ke ci a tsakar gida, ga kaskon turaren wuta a ɗaki, ga harawa da karan dawa a jingine bayan girbi, wannan ba abin wasa ba ne. Ba a fesawa kusa da garwashi, fitilar kananzir, maganin sauro na kunnawa ko janareta.

Sai zafi. A jikin gwangwanin akwai gargaɗin kada ya kai digiri 50. A bazara, zafin Kano a inuwa ma yana haura 40, balle ɗakin kwano da aka kulle ko akwatin babur da aka bari a rana. A ajiye shi a ƙasa, a wuri mai sanyi. Ko ya ƙare, ba a huda shi, ba a jefa shi a juji da za a ƙona.

Warin ma abin lura ne. Sinadarinsa ɗan'uwan na sholisho ne, shaƙarsa tana sa jiri da ciwon kai, don haka a yi nesa da yara da shi, kuma kada a fesa a rufaffen ɗaki. To amma a waje kuma ga ƙurar hunturu, wadda ke zuwa daidai lokacin bukukuwa, kuma duk inda ta tarar da danƙo sai ta zauna. Mafita ita ce a samu babban kwali a kwantar da shi a gefensa, a sa takardar a ciki, a yi aikin a rumfa ko a zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa, da sassafe kafin iska ta taso.

Yadda ake fesawa

A girgiza gwangwanin sosai. A riƙe shi nesa da takardar kamar taƙi guda, wato wajen santimita 20. A fara fesawa daga wajen takardar, a ratsa ta, a ƙare a ɗaya gefen, hannu bai tsaya ba. Kaɗan ya isa. A jira kamar daƙiƙa 30 har ya yi danƙo, sannan a ɗora daga gefe guda ana shafewa da tsohon katin ATM don iska ta fita. In an gama, a kifa gwangwanin a danna har sai iska zalla ke fitowa. Rashin yin haka ne ke toshe bakin, a wayi gari da gam rabin gwangwani amma ya ƙi fita.

Masu ɗaukar bidiyon aikinsu kuma su kula da wayar. Burbushin feshin yana sauka a gilashin kyamara da ramin lasifika, ƙura ta bi ta manne, hoto ya koma dishi-dishi. A kafa wayar daga nesa a jawo hoton, ko a ɗauke ta har sai feshin ya lafa.

Wanda aka ba aikin lulluɓe akwatuna masu yawa, gwangwani ɗaya zai rage masa wahala, sai ya sa kuɗinsa a cikin farashi tun wajen ciniki. Wanda kuwa katuna da ambulan yake yi, ya fara gwada wannan: ya ɗiga farin gam kaɗan a kan kwalin maimakon takardar, ya baje shi da kati har ya zama siriri, ya manna, ya danne da manyan littattafai ya kwana. Idan da safe katin ya fito a miƙe, kuɗin gwangwanin gara ya tafi wajen sayen takarda mai kyau.