A Auna Faɗin Matakala Kafin A Ɗora Bene

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi wa 'yan'uwa magana a kan wani abu da a ke rainawa, watau faɗin matakalar bene.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka koro ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, arzikin noman rani ya shigo ƙasarmu. Wanda ya sayar da tumatir a Kwanar Gafan, ko ya kwashi ribar shinkafa, ya ga fili ya yi tsada a bakin hanya, sai ya kware rufin ɗakinsa ko shagonsa ya ɗora wani a bisa. Wannan dabara ce mai kyau. Amma da ya ke ba a yi ɗakin ƙasan da niyyar bene ba, ba a bar wa matakala wuri ba, sai a matse ta a wani lungu, faɗinta ƙafa 2, magini ya ce ai ta isa.

Magina na da, masu tubali da azara, su ma ƙuntatacciya su ke yi, amma suna da hujja. Benen da na maigida ne shi kaɗai, ya hau ya sha iska ko ya yi karatu. Na yanzu kuwa amarya a ke kaiwa, da gadonta da kabad ɗinta, da yara, da tsohuwa mai zuwa wankan jego.

Gani ya kori ji. Bara da damina matar wani maƙwabcina ta kama naƙuda da tsakad dare a bisa bene, abin ya yi tsanani har ta kasa tsayuwa. Mota tana ƙofar gida. Mu biyu muka zo mu taimaki mijin, amma matakalar ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, ga ta da kwana a tsakiya. Da ƙyar muka sauko da ita a cikin bargo, ɗaya a gaba yana tafiya da baya, cikin duhu. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya a asibiti. Maigidan nan ba matsiyaci ba ne, fili ƙafa guda ya yi wa rowa.

To, ga lissafin. Faɗin kafaɗun namiji ya kan kai inci 18 ko 20. In ya ɗauki buhu a ka, ko ya riƙe maras lafiya a gefensa, ƙafa 2 ba ta ishe shi ba. A Amurka dokar ginin gidajen zama ta hana faɗin matakala ya gaza inci 36, watau ƙafa 3, kusan santimita 90. Ni a ganina wannan shi ne ƙarshen ƙanƙanta, kuma ga ɗakin kwanan mutum ɗaya. Inda iyali za su zauna, ko za a riƙa hawa da kaya, a yi ƙafa 3 da rabi, in da hali 4.

Akwai wani wurin da a ke cutuwa. Magini ya kan auna daga bulo zuwa bulo. Filasta ta zo ta ci kusan inci guda a kowane gefe, ƙarfen dafawa ya ci 2 ko 3, sai ka ga ƙafa 3 ɗin ta koma inci 31. Sabo da haka a yi ciniki a kan faɗin da zai rage bayan an gama kome, kuma a rubuta a takarda.

Tsawo ma yana da nasa hukunci. In daga daɓen ƙasa zuwa na bisa ƙafa 10 ne, watau inci 120, kowane hawa kuma ya zama inci 7, za a sami hawa 17. Wurin ɗora ƙafa kada ya gaza inci 10, guda 16 ke nan, jimla ƙafa 13 da inci 4. Ɗakunanmu kuwa yawanci ƙafa 12 ne. Ashe miƙaƙƙiyar matakala ba za ta shiga ba, sai ko a yi mata kwana, ko a fitar da ita tsakar gida a yi mata rumfa. Ni na fi son ta tsakar gida, don ba ta cin ɗaki. In dole sai an yi kwana, dandamalin juyawa kada ya gaza faɗin matakalar kanta, a nan ne gado da katifa su ke maƙalewa. Kada a yarda magini ya ƙara tsayin hawa zuwa inci 9 don ya rage yawansu, gwiwar tsoho ce za ta biya. Kuma hawan duka su zo daidai da juna, gama wanda ya fi 'yan'uwansa da inci guda shi ke kayar da mutum da dare. Daga kowane hawa zuwa abin da ke bisa kai a bar mita 2.

Masu niyyar tara buhunan shinkafa a bisa don gudun damshi kuwa, matakala ba ita kaɗai ce damuwarsu ba. Buhu 50 masu kilo 100 tan 5 ke nan, a kan tushen da aka haƙa don ɗaukar kwano. Sai injiniya ya duba tushen tukuna.

Ina roƙon malamai da akawuna masu karanta jaridan nan su karanta wa maƙwabtansu manoma, su kuma ara musu tef ɗin awo ran da magini zai ja igiya.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kura.