Zaɓen Wurin Hutu Ga Yara: A Fara Duba Autan Gida

Yau za mu yi magana ne a kan inda za a kai yara shaƙatawa idan an ba da hutun makaranta. Na san wata za ta ce, ai wannan shawarar maigida ce. Haka ne, shi zai yanke, shi zai biya. Amma uwargida, ke kika san wanda ke amai a mota, da wanda ba ya zama wuri ɗaya. Don haka tun kina cikin ɗakinki kina da abin faɗa.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, wurin da ya burge babban yaro ba lalle ne ya dace da ƙarami ba. Ki fara auna wuri da autanki. Idan ya yi masa, sai a duba abin da manyan za su samu.

Bari mu ɗauki misali da Yankari, a ƙaramar hukumar Alƙaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina, ga ɗakunan kwana, ga kuma ruwan Wikki mai ɗumi, wanda zafinsa yake wajen digiri 31 rani da damina. An fi ganin namun daji da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, saboda ciyawa ta bushe, dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji. Sai dai zafin Maris da Afrilu yana wahalar da jariri, shi ya sa hutun Disamba ya fi sauƙi.

To, yaro ɗan shekara 7 zuwa 12, nan ne wurinsa. Zai zauna a motar zagaya daji, ya ga abin da yake gani a littafi. Amma ɗan shekara biyu ba zai jure zaman ba, kuka zai sa, kuma hayaniya tana korar dabbobi. Sai a shirya tun daga gida wanda zai zauna da shi a masauki.

Ruwan nan kuwa, kada kyansa ya ruɗe ki. Garau yake har ana hango ƙasansa, amma akwai inda yake shanye babba. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce gwiwa ba, kuma shiru, babu ihu. Kada ki ce wai yayarsa tana kallonsa, ita ma wasa ne a gabanta. Babba ɗaya ya tsaya a kansa, inda hannu zai kai. Haka nan gwaggon biri suna yawo a masaukin, suna fizge abinci a hannun mutum. Kada yaro ya fita da biskit ko leda, kuma a riƙa rufe ƙofa da taga.

Idan da budurwa a gidan, ku tambayi ma'aikata lokacin da jama'a suka yi sauƙi a ruwan, ta shiga da suturarta, kina kusa. Ita ma tana da hakkin ta ji daɗin tafiyar.

Kafin a biya kuɗi, maigida ya buga waya ya tambaya: nawa ne ɗaki, akwai ruwa da wuta, ina asibiti mafi kusa, yaya lafiyar hanya a wannan makon? A tashi da safe, a isa da rana. Ke kuma ki haɗa gidan sauro, da maganin zafin jiki, da gishirin ORS, da ruwan sha, da abincin da autan ya saba ci.

Idan kina da goyo, ko aljihu bai kai ba, babu laifi a ɗaga tafiyar. Wuni ɗaya a gidan zu na Kano ko na Jos, a dawo kafin magariba, ya ishi yara labari har a koma makaranta.

Nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuri'a, ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Wassalamu alaikum.