Gidan Ardenne: Daga Gonar Ruhubanawa Zuwa Ma'ajiyar Littattafai

A ƙarni na 12 aka kafa gidan ruhubanawa na Ardenne kusa da birnin Caen a Normandi, ƙasar Faransa. Da noma mazaunansa suka dogara, shi ya sa suka gina katafaren rumbun tara ushirin hatsi. Bayan juyin juya halin Faransa aka sayar da gidan, manoma suka gaje shi.

A watan Yunin 1944 sojojin SS na Jamus suka mai da shi hedikwata, suna leƙen abokan gaba daga hasumiyar cocin gidan. A nan suka kashe fursunonin yaƙi 20 'yan Kanada, ruwan igwa kuma ya ragargaza gine-ginen.

An shafe shekaru ana gyara. Yau cibiyar IMEC ce ke adana takardun marubuta da masu ɗab'i a wurin, cocin kuwa ya koma ɗakin karatu.