Arikya: Yadda Wurin Kafa Dish Ke Cin Jarin Masu Gidajen Kallo

Lafiya. Duk wanda ya ratsa garuruwan ƙaramar hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, daga Shabu zuwa Assakio har Arikya, zai ga faya-fayan tauraron ɗan'adam, waɗanda jama'a suka fi sani da dish, a saman kwano da jikin bango. Ga mai gida abin nishaɗi ne. Amma ga mai gidan kallon ƙwallo, ko mai masaukin baƙi, ko mai shagon aski, jari ne, kuma daren da hoto ya ɗauke ana tsakiyar wasa, kuɗin ƙofa ne zai mayar wa 'yan kallo, alhali man janareta ya riga ya ƙone.

Akasari mai saye yana ɓata lokacinsa wajen ciniki a kan dikoda da kuɗin wata, sai ya bar wa yaron mai ɗaurawa zaɓen wurin kafawa. A ganinmu wannan kuskure ne, domin wurin shi ne abin da ba ya gyaruwa da araha.

Taurarin da ke aiko da shirye-shiryen talabijin suna tsaye ne a saman layin da ya raba duniya biyu, a nisan kilomita 35,786. Lafiya kuwa tana kimanin digiri 8 da rabi arewa da wannan layi, saboda haka taurarin suna kusa da tsakar kanmu, ba can ƙasa-ƙasa ba kamar yadda ake ganinsu daga Ingila. DStv, wanda kamfanin MultiChoice ya fara a 1995, yana zuwa Nijeriya ta tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas. Daga yankin Arikya ana fuskantarsa ta gabas, a ɗan karkata kudu, a ɗaga sama kimanin digiri 56. Tauraron SES-5 da StarTimes ya ɗora shirye-shiryensa a kai yana digiri 5 gabas, kusan tsaye yake a kanmu, wajen digiri 79. Namu na gida, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011, yana digiri 42.5 gabas.

Amfanin wannan lissafi ga ɗan kasuwa shi ne, ba lallai ne a hau saman rufi ba. Tun da saƙon daga sama yake saukowa, itacen mangwaron da ya ɗara dish da mita 10 ba zai tare tauraron digiri 36 ba muddin akwai tazarar mita 7 tsakaninsu. Sai dai a tuna itace yana girma. Mangwaron da aka raina bana, nan da damina uku shi ne zai rufe hanya, kuma jiƙaƙƙen ganye ya fi busasshe tare saƙo. Wanda kuma zai kama tauraron da ke tsakar ka, babban abokin gabansa shi ne bakin kwanon gidansa: in aka manna dish a bango ƙarƙashin rufi, kwanon ne zai yi masa inuwa.

Ɗaurawa a kan kwano ita ce mafi sauri, shi ya sa masu aikin ke son ta, ita ce kuma mafi tsada daga baya. Kowace ƙusa da aka buga ƙofar yoyo ce. Kwano yana buɗewa da rana, ya tsuke da dare, katakon da ke ƙarƙashinsa yana saki, ga guguwar farkon damina ta watannin Afrilu da Mayu wadda kan yaye rufin gidaje a wannan yanki. Dish kuwa ko digiri ɗaya ko biyu ya goce, hoto ya fara tsinkewa. Daga nan sai kiran mai gyara, da kuɗin aikinsa, da na babur ɗinsa idan daga cikin Lafiya zai taso, sannan a biya kafinta da mai silin.

Bangon bulo na siminti ya fi, in an huda an sa noti mai kama bango. Ginin ƙasa ba ya riƙe noti. Mai irin wannan gini gara ya sayi bututun ƙarfe mai kauri, ya haƙa rami a tsakar gida, ya zuba kankare, ya tabbatar bututun ya miƙe sak kafin ya bushe. Buhun siminti ɗaya yakan isa. Dish ɗin da ke ƙasa hannu na kai masa ba tare da tsani ba, sai dai a kewaye shi saboda awaki da ƙwallon yara, kuma kada a bar shi a wajen katanga inda ɓarawo zai kwance na'urar da ke kan hannunsa, wadda masu sana'ar ke kira LNB.

Batun ruwan sama ba shi da magani gaba ɗaya. Manyan dish-dish na shekarun 1990 ba su cika damuwa da hadari ba, amma ƙananan na yanzu suna aiki ne da zangon da ruwa mai ƙarfi ke raunanawa. Abin da ke rage matsalar shi ne girman faifai da kyan saiti. A wuri mai damina daga Afrilu zuwa Oktoba kamar Lafiya, mai sana'a ya zaɓi na santimita 90 maimakon na 60. Bambancin kuɗin sau ɗaya ake biya.

Waya ma tana da nata. In ta yi tsawo fiye da kima saƙo yana raguwa, in an yi mata haɗi a waje ruwa yana shiga. A lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje, a nisanta dish daga wayoyin lantarki, a kuma haɗa shi da ƙarfen da aka binne a ƙasa saboda tsawa, wadda kan bi waya ta ƙona dikoda da talabijin lokaci guda.

Ga 'yan haya kuwa, kafin a huda bango ko kwano a rubuta da mai gida, a gaban shaidu, wa zai gyara yoyo da kuma wa ke da bututun ranar da aka tashi.