Idan jiragen ruwa suka yi karo a teku, wa ke biyan asarar ɗan kasuwar Garwa?

Garwa na da nisa da teku, amma da yawa daga cikin kayan da ke kasuwanninta ta ruwa suke shigowa. Ana sauke su a tashar Duwala ko Kribi, daga Duwala jirgin ƙasa ya kai su Ngaundere, manyan motoci su ƙarasa da su arewa. Audugar kamfanin Sodecoton ma ta nan take fita. Saboda haka karon jirage a teku na iya cinye jarin mutumin da bai taɓa ganin teku ba.

Tushen hukunci a nan shi ne yarjejeniyar Brussels ta 23 ga Satumba, 1910, wadda dokar sufurin ruwa ta ƙasashen CEMAC, da aka sabunta a 2012, ta bi sawunta. A Faransanci ana kiran irin wannan karo "abordage". Yarjejeniyar ta shafi har karon jirgin teku da jirgin kogi, a kowane ruwa ya faru.

Ƙa'idojin uku ne. Idan tsautsayi ne da ya fi ƙarfin kowa, ko aka kasa gane musabbabin, kowa ya ɗauki asararsa. Idan laifin jirgi ɗaya ne, shi zai biya. Idan duka biyun suna da laifi, ana raba diyya gwargwadon laifin kowa, in kuma an kasa aunawa a raba daidai. Wajen gano mai laifi, kotu na duba dokokin kauce wa karo na 1972: waye ya kamata ya ba da hanya, waye ya yi gudu cikin hazo, waye bai kunna fitila ba. Ko matuƙin da tashar ruwa ta tilasta a ɗauka ne ya yi kuskuren, mai jirgi ne ke da alhaki.

A ɗauka wani ɗan kasuwa ya yi asarar kayan sefa miliyan 10, kotu kuma ta ce jirgin da ya ɗauko kayan yana da kashi 70 na laifi, ɗayan kashi 30. Daga ɗaya jirgin miliyan 3 kawai zai iya nema. Sauran miliyan 7 sai ya bi kamfanin da ya ɗauko masa kaya, bisa takardar ɗaukar kaya da ake kira "connaissement". Kamaru tana cikin yarjejeniyar Hamburg ta 1978, wadda ba ta yafe wa kamfani kuskuren matuƙansa, amma ta sa iyaka ga abin da zai biya kan kowane ƙunshi ko kilo. Kaya masu tsada marasa nauyi, kamar wayoyin hannu, na iya tashi da diyyar da ba ta kai kuɗinsu ba.

Hukuncin rai daban ne. Idan an mutu ko an ji rauni, iyalai na iya neman cikakkiyar diyya daga kowanne cikin jiragen da ke da laifi, su kuma su daidaita tsakaninsu daga baya.

Akwai kuma wani nauyi da kan zo wa 'yan kasuwa ba zato. Idan aka kashe kuɗi ko aka zubar da wasu kaya don ceton jirgin, duk masu kaya za su yi karo-karo, har wanda nasa suka tsira. Sau da yawa ba a sakin kwantena sai an ba da lamuni. Inshora ce ke ɗaukar wannan, kuma tun 1975 dokar Kamaru ta wajabta inshorar kayan da ake shigowa da su.

Wa'adin shigar da ƙara shekara 2 ne daga ranar karon. A ƙarƙashin yarjejeniyar Hamburg, ɓarnar da ake gani da ido dole a sanar da ita a rubuce kafin ƙarshen ranar aiki da ke biye da karɓar kaya, wadda ba a gani kuma cikin kwana 15. Don haka mai kaya a Garwa ya umarci wakilinsa na Duwala ya duba kwantena a tasha, ya rubuta ƙorafi nan take, kada a jira sai mota ta iso arewa.