Mahayin Gwangwani Mai Jinjina

A zaurenmu da ke Gyadi-Gyadi, bayan titin Zariya, na ƙera mahayin doki da gwangwani da waya. Burina duk wanda ya matso, mahayin ya ɗaga mashi ya yi masa jinjina irin ta hawan Sallah.

Da farko na sa injin tsohuwar rediyo mai kaset, irin wanda muke sa wa motar gwangwani muna yara. Gudu gare shi, ƙarfi babu, mashin ko gezau. Wani bakanike a Tarauni ya yi dariya, ya ce, "Malam, nemi injin waifar mota." Ya yi gaskiya. Batirin mota mai bolt 12 ke tuƙa shi, kuma a cikinsa akwai ƙafa mai haƙora da ke rage gudu ta ƙara ƙarfi. Na ɗaura sandar ƙarfe a gefen abin da ke juyawa, na haɗa da hannun mahayin, juyi ya koma sama da ƙasa. Dabarar fedar keken ɗinki ce, amma a juye.

Idon da ke gane mutum kuwa, daga fitilar tsaro na ciro shi, wadda ɗumin jiki ke kunnawa. Ashe bai bambanta baƙo da akuyar maƙwabta.

A 1960, Jean Tinguely, ɗan Suwizalan, ya ƙera inji a Amurka don injin ya rushe kansa a gaban 'yan kallo. Nawa ƙurar hunturu ce ta cije gaɓoɓinsa, sai da na shafa giris na kifa masa tsohuwar langa.