Maganin Zazzaɓi Tsakanin Gona da Fitila

Idan damina ta kankama a ƙasar Daura, tun daga birni har Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, sauro ya yawaita, yara suka fara kwantawa da zazzaɓin cizonsa, maganin da likitoci suka fi dogara da shi, wanda Nijeriya ta fifita a kan kulorakwin tun 2005, asalinsa sinadari ne mai suna atemisinin, wanda malama Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka tace a 1972 daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade.

Mas'alar da ta daɗe tana wahalar da masana ita ce, ƙwayoyin zarra na irin wannan sinadari suna iya jeruwa a sura biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu, alhali tsiro, bisa hikimar Mahalicci, sura ɗaya tak yake ginawa, tukunyar ɗan Adam kuwa, in an bar ta da halinta, cakuɗa su take yi.

A 2013 kamfanin Sanofi ya buɗe masana'anta a Garessio ta ƙasar Italiya domin sarrafa atemisinin ba tare da dogaro da gona ba, ta hanyar da ke kauce wa wannan cakuɗuwa. Yis, wanda masani Jay Keasling da jama'arsa suka sauya wa ɗabi'a a Amurka, shi ke samar da tushen atemisinin, sinadari mai ɗauri biyu masu ninki. Sai a kawo ma'adinin rutiniyam, wanda aka yi wa riga mai karkata gefe guda, ya ɗora haidurojin a kan ɗauri ɗaya ta fuskar da ake bukata, bai taɓa ɗayan ba, shi kansa kuma bai ƙare ba. Daga nan a haska fitila a kan wani rini, rinin ya miƙa wa iskar oksijin ƙarfin hasken, ita kuma ta auka wa ɗauri na biyu, har a ƙarshe a sami atemisinin mai gadar oksijin biyu wadda ke halaka ƙwayar cutar idan ta gamu da ƙarfen jini.

Aiki ne na ban al'ajabi, amma kasuwa ba ruwanta da al'ajabi. Manoman Sin da na Gabashin Afirka suka yawaita shuka tsiron, farashi ya faɗi, a 2015 masana'antar ba ta sarrafa wannan sinadari ba, daga baya aka sayar da ita ga kamfanin Huvepharma. A ganina ba asara aka yi ba, domin shekarar da gona ta gaza, akwai inda za a nufa.